Babi na Shida: Ranar da Iska Ta Hana Hawa

Ruwa da rana kowa na ganin girmansu. In ruwa ya sauko a fasa tafiya ba gardama, in rana ta take a nemi inuwa. Iska ce masu hawan dutse suka raina, musamman in ana da yawa, an yi hayar mota, an dafa abinci, kowa ya ɗaure takalminsa. Sai wani ya ɗaga kai ya ga sama tas, ya ce ai iska ce kawai. A gindin dutse yana da gaskiya. Amma da an hau mita ɗari uku, an fito kan falalen dutse inda ba ciyawa ba itace balle abin kamawa, zancen ya sha bamban.

Abin da ya kamata jagora ya fara riƙewa shi ne, ƙarfin turin iska ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta. In gudun ya ninka sau biyu, turin da take yi wa jikin mutum sau huɗu yake ninkawa. In gudun ya ninka sau uku, turin ya zama sau tara. Saboda haka iskar da ke gudun kilomita 30 a awa, wadda ke kaɗa maka riga ka ji daɗi, in ta kai 60 tana iya ture yarinya 'yar shekara goma sha biyu ta faɗi. Sa'annan iska ba ta zuwa bai ɗaya. Takan lafa, ta bugo, ta sake lafawa, kuma bugun kan ɗara matsakaicin gudunta da wajen rabi, wani lokaci fiye. Wannan bugu da saki shi ke kayar da mutum: ka jingina jikinka a kanta don kada ta ture ka, sai ta sake ka ba shiri, ka tafi gaba da nauyinka. A fili abin ba zai wuce kurjewar gwiwa ba. A bakin gangare yana iya zama ajali.

Hasashen da ake gani a waya yana da amfani, sai dai a san iyakarsa. Ƙa'idar masana yanayi ita ce a auna iska a fili, a tsayin mita 10 daga ƙasa, kuma a ƙasashenmu yawancin tashoshin awon suna filayen jirgin sama, kamar na Malam Aminu Kano ko na Heipang da ke hidimta wa Jos. Dutsen da za ku hau ba shi da tashar awo. Iska in ta tarar da tsauni dole ta matse ta haye ta kansa, ko ta kutsa ta mashigin da ke tsakanin duwatsu biyu, kuma duk inda ta matse gudunta ƙaruwa yake. Shi ya sa doron dutse da mashigi suka fi ko'ina haɗari, har sukan fi ƙololuwar kanta wani lokaci. Ni dai abin da nake bi shi ne, in duba layin da ke nuna bugun iska maimakon matsakaicinta, sa'annan in ɗauka cewa abin da za mu tarar a sama ya fi haka.

Wanda ba shi da na'ura ma yana da ido. A shekarar 1805 wani hafsan sojan ruwan Ingila, Francis Beaufort, ya tsara ma'aunin iska domin matuƙa jiragen ruwa, daga baya aka ƙara masa alamomin da ake gani a doron ƙasa. Matakansa na tsakiya su ne namu. Idan ƙura da ledoji suna tashi, ƙananan rassa suna motsi, iskar tana tsakanin kilomita 20 da 28 a awa, ba matsala. Idan ƙananan itatuwa masu ganye suna rangaji gaba ɗaya, ta kai 29 zuwa 38. Idan manyan rassan darbejiya ko na mangwaro suna kaɗawa, wayar lantarki na fito, laima ta ƙi riƙuwa, an shiga 39 zuwa 49. Daga 50 zuwa 61 itace duka ke motsi, mutum ya ji tafiya tana yi masa wuya in ya fuskance ta. Ta wuce nan kuwa ƙananan rassa ke karyewa. Ra'ayina shi ne, tawagar da ke da yara, ko dattawa, ko sababbin hawa, in ta ga manyan rassa na kaɗawa tun a gindin dutse, to doro da ƙololuwa sun haramta gare ta a ranar. Ƙwararru biyu ko uku suna iya lallaɓawa. Mutum ashirin ba za su iya ba, domin iska ba ta auna ƙarfin tawaga a jimlace, wanda ya fi kowa rashin nauyi take nema.

Iskokin da ke ɓata mana shiri a wannan yanki iri biyu ne, kuma halinsu ba ɗaya ba.

Ta farko ita ce ta hunturu, mai busowa daga arewa maso gabas tun daga ƙarshen Nuwamba har cikin Maris. Mafi yawan ƙurar da take kawowa daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi. Duwatsun Tibesti da na Ennedi ne ke matse iskar su cusa ta cikin kwarin, ta kwashi ƙura, bayan kwana ɗaya ko biyu ta sauke mana ita a Maiduguri da Damagaram da Kano. Alherin hunturu guda ne: yana da lokaci. Da dare iska mai ƙarfi takan tsaya can sama, ƙasa ta yi lum. Da rana ta fito ta fara ɗumama ƙasa, sai iskar sama ta gauraya da ta ƙasa, ƙarfinta ya sauko. Wannan ne ya sa hantsi ya fi kowane lokaci iska, zuwa la'asar kuma takan sassauta. A filin ƙasa ke nan. A kan tsauni mai tsayi lissafin na iya juyewa, domin ƙololuwa tana iya shiga cikin waccan iskar ta sama tun da asuba. Masu son su hau da duhu don su ga fitowar rana su lura da wannan.

Su lura da sanyi kuma. Jos tana sama da mita 1,200 daga doron teku, duwatsun Shere da ke gabashinta sun kai mita 1,829. A kan kowace mita 1,000 da aka hau, zafi kan ragu da wajen digiri 6 da rabi. Safiyar da Jos ta tashi da digiri 10, saman Shere yana wajen 6. In aka haɗa da iska mai gudun kilomita 40, jiki zai ji kamar digiri 1. Matashin da ya taso daga Sakkwato ko Katsina da riga mai gajeren hannu, ya yi gumi a hawa, ya zauna a sama gumin na bushewa a jikinsa, karkarwa za ta kama shi kafin a gama ɗaukar hoto. Mutanenmu ba su saba tunanin sanyi na kisa ba, amma zafin cikin jiki in ya faɗi ƙasa da digiri 35 hankali ke fara gushewa, ƙafa ta fara harɗewa. Wanda zai je Chappal Waddi a Taraba, mai mita 2,419, ko duwatsun Bagzan a ƙasar Abzin da suka haura mita 2,000, ko Dutsen Kamaru da ya wuce mita 4,000, wannan lissafi ya fi shafarsa.

Hazo ma ba ƙaramin abu ba ne. Ranar da ya yi kauri gani ba ya kai kilomita ɗaya, har jirage su kasa sauka. A daji wannan na nufin alamomin da ɗan jagora ke bi, kamar wata kuka ko wani dutse mai tsini, sun ɓace. Mai ciwon asma ya sha wuya, leɓe ya tsage, ƙishirwa ta ci mutum bai sani ba domin gumi na bushewa tun kafin a gan shi. Ga kuma gobarar daji, wadda ba a cika kawo ta cikin lissafi ba alhali lokacinta ke nan: ciyawa ta bushe, mafarauta na cinna wuta. Wuta ta fi gudu in tana hawa tudu. Masana gobarar daji a Ostareliya sun ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri 10 na gangare yana ninka saurinta. In kun hango hayaƙi a ƙasanku ta ɓangaren da iska ke fitowa, kada a tsaya shawara, a bar cikin ciyawa a nufi falalen dutse ko wurin da ya riga ya ƙone.

Iska ta biyu ita ce ta gaban hadari, a bazara da farkon damina, da kuma ƙarshenta. Wannan ba ta ba da wa'adin kwana. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, ya yi layi, ya nufo yamma da gudun kilomita 50 zuwa 60 a awa. Baƙin da ka hango can nesa, ko da tazarar kilomita 30 ce, cikin rabin awa yana kanka. Kafin ruwa ya iso iska mai sanyi ke riga shi, ita ce mai yaye rufin kwano da tumɓuke turakun lantarki, a Yamai da Khartoum har bangon ƙura take tasowa da shi. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san shirun nan da zafin da ke zuwa gabanta. A gida sai a kwashe shanya a rufe taga. A kan dutsen Kufena ko na Kwatarkwashi ba taga, kuma saukar da ta ɗauki awa guda ba za ta yiwu cikin minti ashirin da mutum ashirin ba. Ga aradu, mai neman wuri mafi tsayi. Ƙarar tsawa na cin kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku. In tsakanin walƙiya da ƙara bai kai daƙiƙa 30 ba, kun riga kun shiga inda za ta iya samunku. Maganin wannan iska tun a gida ake yin sa: a wannan lokaci na shekara a tashi da sassafe, a sauko kafin azahar, domin hadari ya fi haɗuwa da yamma da dare. A sa mutum ɗaya wanda aikinsa ya riƙa waiwayen gabas.

Duk wannan ilimi ne mai sauƙin koyo. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen yanke shawara, kuma akwai wani abu da ya faru a Sikotilan da ya kamata duk mai jagorancin jama'a a dutse ya sani.

Duwatsun Cairngorm ba su da tsayin a zo a gani. Cairn Gorm mita 1,245 ne, Ben Macdui 1,309, wato Shere ta fi su. Sai dai samansu shimfiɗaɗɗen fili ne, ba itace ba mafaka, kuma a nan aka auna bugun iska mafi ƙarfi a tarihin Birtaniya, kilomita 278 a awa, cikin Maris na 1986. Ranar Asabar 20 ga Nuwamba 1971 wasu ɗalibai 14 na wata makarantar sakandare a Edinburgh, masu shekara wajen 15, suka fito don su ratsa wannan fili. Jagoransu malami ne ɗan shekara 23, tare da wata ɗalibar koyon malanta 'yar shekara 21, da wata mataimakiya 'yar shekara 18. Shirinsu shi ne su bi ta Ben Macdui su gangara kwarin Lairig Ghru su kwana a wata bukka. Sun tanadi shiri na biyu: in yanayi ya ɓaci, su fake a wani ɗan ɗakin ƙarfe da ake kira Curran, wanda aka gina a tsakiyar filin can sama. Sun makara da tashi, a ƙasar da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a wannan wata, kuma hasashe ya nuna yanayi zai ɓaci.

Suka rabu gida biyu. Malamin ya ɗauki takwas da suka fi ƙwarewa ya yi gaba, 'yan matan biyu suka biyo baya da shida masu rauni. Iska ta taso da dusar ƙanƙara, gani ya ɗauke. 'Yan gaba suka samu ɗakin Curran suka shige. 'Yan baya ba su same shi ba, duhu ya yi, suka kwanta a wani ɗan kwari kusa da rafin Feith Buidhe, tazarar 'yan ɗaruruwan mitoci daga ɗakin. Kwarin ya kare su daga bugun iska, amma nan ne iskar ke zubar da ƙanƙarar da ta kwaso, ta yi ta binne su. 'Yan gaba suka sauka ran Lahadi suna zaton sauran sun kai wata mafaka, ba a san an yi ɓata ba sai da yamma. Ran Litinin da safe jirgi mai saukar ungulu ya hango jagorar 'yan bayan tana rarrafe cikin ƙanƙara neman taimako. Ko da masu ceto suka isa, ɗalibai biyar da mataimakiyar sun rasu. Yaro ɗaya aka tono da rai.

An yi bincike a garin Banff a watan Fabrairu na 1972, ba a ɗora wa kowa laifin sakaci ba, amma aka ba da shawarwari, ciki har da a riƙa yi wa iyaye cikakken bayanin inda za a kai 'ya'yansu, a kuma sake duba amfanin irin waɗannan ɗakuna na can sama. Aka yi ta muhawara, daga ƙarshe aka rushe ɗakin Curran a 1975. Hujjar masu son a rushe ita ce ta fi tsaya mini a rai. Sun ce kasancewar ɗakin ne ke ba mutane ƙarfin halin shiga filin a ranar da ya kamata su juya. Waɗannan yara suna da shiri na biyu, amma shirin yana gaba, cikin tsakiyar haɗarin, kuma ba a kai gare shi sai an ci gaba da tafiya cikin iskar da ake gudu.

Ba mu da dusar ƙanƙara, amma muna da irin wannan tunani. "Mu ƙarasa wancan kogon, in ta yi tsanani sai mu fake." "Mu kai mashigi tukuna mu ga yadda take." Shiri na biyu na gaskiya a ƙasa yake, ko a baya. Dole ya zama hanyar da ta fi ta farko sauƙi, wadda mafi raunin tawaga zai iya bi ko iska ta ƙaru. Kusan kowane dutse yana da irinta: zagayen gindi, hanyar rafi a lokacin rani, kurmi, ɓangaren da ya ba iska baya. A hunturu wannan ɓangare shi ne kudu maso yamma, saboda haka hanyar da ta hau ta nan takan kasance cikin kariya har kusa da sama, sai a tsaya a nan a juyo ba tare da an leƙa doro ba. Mafarauta da makiyayan wurin sun san waɗannan hanyoyi fiye da kowace taswira, kuma gaisuwar da aka je aka yi wa mai unguwa kafin hawa ita ke buɗe ƙofar tambayarsu. Sai dai a tuna da kwarin Feith Buidhe: inda ya kare ka daga iska, nan abin da ta ɗauko ke taruwa. Busasshen kwazazzabo mafaka ce mai kyau a Janairu. A Yuni hanyar ruwa ce, kuma ruwan da aka yi a saman dutse yana iya cika shi kafin ɗigo ɗaya ya taɓa ka.

Raba tawaga kuma abu ne da nake tsoro ƙwarai. Yana da daɗin faɗa: masu ƙarfi su ƙarasa, sauran su jira ko su koma. Abin da ke biyo baya shi ne, wanda ya fi sanin hanya ya tafi da masu ƙarfi, domin shi ma yana son sama, a bar masu rauni a hannun wanda bai kai shi ba. Haka aka yi a 1971. In rabuwa ta zama dole, babban jagora ya zauna da masu rauni. Kowane ɓangare ya san sunayen mutanensa da adadinsu, a tsayar da wurin haɗuwa da lokaci, a kuma faɗi abin da za a yi in lokacin ya wuce ba a ga juna ba. Kada a dogara da waya, sabis na ɗaukewa a bayan dutse, ko akwai shi ma ba a jin magana cikin iska.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun lokacin da ake tara kuɗin mota ya kamata a gaya wa kowa cewa tafiyar tana da fuska biyu, ga hanyar sama in iska ta bari, ga ta ƙasa in ta hana, kuma ga alamar da za a gani a canza. A sa lokacin juyowa, misali ƙarfe goma sha ɗaya, ko an kai ko ba a kai ba. Amfanin faɗa tun da wuri shi ne, ranar da abin ya zo jagora ba sabon hukunci yake yankewa ba, alkawari yake cikawa. In aka bari sai an hau rabi, kowa ya gaji, ƙololuwa na gani kusa, to mai son ci gaba ne zai yi rinjaye, domin shi ke da murya. Wanda ya biya kuɗi daga Abuja ko Kaduna yana jin an cuce shi. Mai son hoto yana ganin ranarsa ta tafi a banza.

Masu tsoro kuwa ba za su yi magana ba, kuma wannan ya fi ƙarfi a wurinmu saboda kunya da kara. Budurwa ba za ta ce ƙafarta na rawa a gaban samari ba. Saurayi ya gwammace ya faɗi da a ce ya ji tsoro. Dattijo ba zai so a ce saboda shi aka fasa ba. Don haka tambayar "kowa lafiya?" ba ta da amfani, amsarta kullum "lafiya lau". Ƙuri'a ma ba ta da amfani, domin mutum goma sha biyar ba su da ikon jefa biyar cikin haɗari don sun fi yawa. Jagora ya duba da idonsa: wa ya daina hira, wa ke dafa ƙasa da hannu, wa ke tsayawa duk lokacin da iska ta bugo. In ya gani, ya ɗauki nauyin a kansa, kada ya nuna kowa da yatsa. Madugu uban tafiya ne, maganar ta fito daga bakinsa a matsayin tasa.

Yadda ake faɗa ma yana da muhimmanci, musamman in jagoran yaro ne a cikin manya. In wani Alhaji ya dage, ba a yi masa musu a gaban jama'a. A ja shi gefe a ce, "Ranka ya daɗe, na san kai za ka iya kaiwa. Amanar yaran nan ce a wuyana, iyayensu ni suka sani. Ka taimake ni mu sauka da su ta bayan dutse." Sau da yawa shi zai juya ya sanar da sauran da kansa. In matashi ne mai zafin kai, a ba shi aiki: "Ƙanena, zo ka riƙe mana baya, kada ka bar kowa a bayanka." Wanda aka ba amana ba ya ɓallewa ya hau shi kaɗai.

In kuwa duk da haka iska ta riske ku a sama, abin yi kaɗan ne kuma a bayyane yake. A bar bakin gangare da doro, a matsa ɓangaren da ke da kariya. A matso kusa da juna, domin murya ba ta kai mita goma, usur ya fi ta, in an riga an yarda da ma'anar busarsa. In bugu ya zo a durƙusa ko a zauna, in ya saki a yi 'yan taku, ƙafafu a buɗe. Mai nauyi ya tsaya ta ɓangaren iska ya kare marar nauyi. Kada a riƙe hannu a jere a wuri mai gangare, ɗaya in ya tafi sai ya ja sauran. Hausawa sun ce iska na wahalar da mai kayan kara, kuma a dutse kayan karan su ne tufafinmu: babbar riga, dogon hijabi, mayafi, tabarma da aka ɗaura a bayan jaka. 'Yan'uwa mata ba sai sun bar suturarsu ba, a dai ɗaure hijabin a ƙugu ko a sa rigar sanyi a kansa, kuma mace ce ya dace ta faɗa musu wannan tun a mota. Hula ko malfa in ta tashi a bar ta ta tafi, kada wanda ya bi ta. Sauka ta fi hawa haɗari, ga gajiya, ga ƙura a ido, ga tsakuwa mai santsi a kan falale, don haka a nan ne jagora zai rage sauri ko da kowa na ɗokin ya ga ƙasa. In da tsawa a ciki, ba a fakewa ƙarƙashin itace tilo ko a bakin ƙaramin kogo, kuma a nan kaɗai ake buɗe tazara tsakanin mutane maimakon matsewa.

Da an sauka a ƙirga mutane da suna kafin mota ta tashi, a leƙa a shaida wa mai unguwa an sauko lafiya, a sallami ɗan jagoran da aka ɗauka a wurin da cikakken haƙƙinsa ko da ba a kai sama ba, domin in ana rage masa kuɗi duk ranar da aka juyo, gobe ba zai ce a juya ba. A tsayar da ranar dawowa tun a cikin mota, ran waɗanda suka ji haushi zai yi sanyi. Sa'annan jagora ya rubuta abin da ya gani: kwanan wata, abin da waya ta yi hasashe, abin da aka tarar a gindi da a mashigi, ƙarfe nawa iskar ta tashi, ta ina ta fito. Bayan hunturu biyu ko uku tawagar za ta mallaki bayanin iskar wannan dutse wanda tashar filin jirgi ba ta da shi, kuma da shi za a zaɓi wata da awar tafiya ta gaba.